Sa Hannun da Na Yi a Bakin Ƙofa

Shekara tara na yi ina aikin jinya a Funtuwa kafin in zo Ingila. Na yi allura, na ɗaura ƙarin ruwa, na karɓi haihuwa a ranakun da ungozoma ba ta nan. Amma a satina na farko a Manchester, wata ma'aikaciya da ba ta wuce sa'ar autarmu ba ta dube ni ta ce ko maganin ciwon kai ne kada in kuskura in miƙa wa kowa. Takarduna na gida ba su da amfani a nan sai na ci jarrabawarsu. Kafin nan, aikina a gidan kula da tsofaffi shi ne wanka, da canza zanen gado, da ba da abinci a baki. Na ce to. Me zan ce?

Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa ya ce akwai ɗaki yana jirana, da horo na wata guda. Da na iso ɗakin babu shi, horon kuwa na wuni ɗaya ne a gaban kwamfuta. Sau biyu ya ɗauki wayata, daga nan lambar ta daina shiga. Hadiza ce ta tsince ni. 'Yar Kano ce, tana karatun digiri na uku, mun haɗu a masallaci ranar Juma'a ina zaune da akwatina a gefe. Ta kalli akwatin, ta kalle ni, ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ce, "Anti, tashi mu je gida ki ci abinci tukuna." Ɗakinta a unguwar Fallowfield ɗan mitsitsi ne, a gidan da ɗalibai biyar suke. Ta bar mini gadon ta shimfiɗa bargo a ƙasa, wai ita dama bayanta ya fi son ƙasa. Na san ba gaskiya ba ne.

Kamfanin da sunansa ke kan bizata ba ya ba ni aiki sai ya ga dama. Yau a tura ni wannan gida, sai bayan kwana biyar a tura ni wancan. Na zo da Turancina ina ganin ya ishe ni, ashe na littafi ne. Mutanen Manchester idan suka yi magana sai in kama farko in kama ƙarshe, tsakiyar ta tsere mini.

A wani gida da aka tura ni, mai rabon magani ta ce da ni, "Ruki, Frank yana shan ƙwayarsa lokacin tea, ki tuna mini." Ruki suke kirana, Rukayya ta yi musu tsawo. Ƙarfe goma na safe aka zagayo da shayi. Ina ganin kofi a hannun Frank, tsohon da take nufi, na ruga na gaya mata. Hankalinta yana wani waje, ta buɗe keken magani, har ta ɓallo ƙwayar cikin ɗan kofi, sannan ta duba takarda ta tsaya cak.

"Tea, Ruki! Ƙarfe biyar na yamma!"

Ashe a bakinsu tea abincin yamma ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba sauran labari su ma suka dara. Ni ban yi dariya ba. Maganin ciwon suga ne, kuma Frank ya riga ya sha na safe. Na san abin da zai same shi da ba ta sake duba takardar ba. Daga ranar na daina yarda da kunnena, daga baya na daina yarda da kaina ma. Duk abin da na ga an yi wanda bai yi mini daidai ba, sai in ce wa zuciyata wataƙila akwai abin da ban gane ba, ƙasarsu ce, sun fi ni sani.

Wata huɗu na yi a haka. Kullum in kira gida, 'ya'yana Amira da Nana su cika fuskar wayar suna tambayata yaushe za su zo, in ce musu sun kusa. In na kashe sai in shiga banɗaki in buɗe famfo don kada Hadiza ta ji.

Hadiza ce kuma ta haɗa ni da Mama Laraba a Birmingham. Mutuniyar Zonkwa ce, Kirista, ta haura shekara ashirin a Ingila, kuma rabin shekarun nan a gidajen tsofaffi ta yi su kafin gwiwoyinta su ajiye ta. Ita ta yi mini magana a wani gidan tsofaffi a unguwar Erdington, nan Birmingham, har suka yarda su mayar da bizata wajensu, ta kuma ba ni ɗaki a saman gidanta. Ranar da na iso na tarar ta ware mini sabuwar tukunya, ta sa wani maƙwabcinta ya nuna mata alƙibla har ta manna 'yar takarda a bango. Ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina kai lomar farko baki hawaye suka zubo, ita kuwa ta yi kamar tana neman wani abu a firji.

Gidan tsofaffin bene ne mai hawa biyu, ni aka sa a sama. Mai rabon magani a can Tracy ce, doguwar mace mai yawan raha, shekararta goma sha ɗaya a gidan. Idan za ta fara rabo sai ta ɗora wata jar riga mai rubutu a baya cewa kada a dame ta. Ban taɓa ganin rigar ta hana kowa ba. Waya ta yi ƙara, ita za a kira. Wani ya faɗi, ita. Ɗan wata tsohuwa ya zo da ƙorafi, ita. Ta yi mini kirki ƙwarai. Idan ta ga ban gane magana ba sai ta maimaita a hankali ba tare da ta sa na ji kunya ba.

A ɗaki na ƙarshe Dorothy take, 'yar shekara tamanin da tara, tsohuwar mai ɗinki. Ciwon ƙashi ya cinye mata ƙugu da baya, don haka ana manna mata wata filasta mai ɗauke da maganin kashe zafi mai ƙarfi, yana shiga jiki a hankali ta fata. Duk kwana uku ake cire tsohuwa a manna sabuwa. Irin wannan magani a akwatin ƙarfe ake kulle shi, yana da littafinsa daban, kuma sai mutum biyu sun sa hannu: mai mannawa da mai shaida. Bayan na yi wata uku aka ba ni ɗan horo, aka ce na isa in zama mai shaida. Na ji daɗi. Wannan ne karo na farko da aka bar ni na matsa kusa da magani.

Wata Litinin mutum biyu ba su zo aiki ba, muka rage mu uku a saman. Wajen ƙarfe tara ina tsakiyar baranda riƙe da wani tsoho da ya miƙe ba sandarsa, ƙararrawa tana kaɗawa a ɗaki biyu, sai ga Tracy ta fito daga wajen Dorothy da littafin a buɗe.

"Sa mini hannu a nan, Ruki."

"Kin cire tsohuwar?"

"Ban gan ta ba, ta faɗi wajen wanka. Haka suke yi kullum. Yi sauri, ana jirana."

Layin da za a sa hannun yana cewa an cire tsohuwa, an zubar, kuma na gani da idona. Na karanta shi, na gane shi sarai. A Funtuwa ko ɗaliba ce ta kawo mini irin wannan sai na mayar da ita ta nemo filastar. Amma na dubi Tracy da shekarunta goma sha ɗaya, na ce ƙila a nan haka ake yi. Hannuna na hagu yana riƙe da tsohon, na karɓi biro da na dama na sa hannu a bakin ƙofar. Ko leƙa ɗakin ban yi ba.

Talata hutuna ne. Ranar Laraba da safe, wajen miƙa aiki, aka ce Dorothy ta ɗan yi zazzaɓi jiya, ta wuni tana barci, ba ta yarda an juya ta ba sai fuska da hannu aka goge mata. Aka ce a bar ta ta huta. Na ɗauki ruwan ɗumi na shiga ɗakinta. Na kira sunanta, shiru. Na taɓa kafaɗarta, shiru. Sai na lura da numfashinta. Ta ja ɗaya, sai a daɗe, har in ɗauka ba za ta sake ba, sannan ta ja wani. Na duba agogo na ƙirga, bakwai a minti guda. Na ɗaga fatar idonta, ƙwayar idon ta tsuke kamar bakin allura.

Na san wannan. Na taɓa ganinsa a gadon asibiti.

Na zame rigar barcinta. Ga filasta a kafaɗa, da kwanan watan Litinin da rubutun Tracy. Na mirgina ta a hankali na bi bayanta da hannu. Can ƙasa, dab da ƙugu, inda ba a saba mannawa ba, yatsana ya taɓa wata. Kwanan watan Juma'a ne a kanta. Tana nan daram, ba ta faɗi a wajen kowane wanka ba. Tsohuwar ba ta gama zubar da maganinta ba, ga sabuwa, ga zafin zazzaɓi yana ƙara tura su cikin jini.

An ce kada in taɓa magani. Na ɓanɓare su duka biyun, na danna ƙararrawar gaggawa.

Tracy ta shigo a guje. Na buɗe mata tafina ta gani. Fuskarta ta yi fari fat. Ta ce bari ta kira manaja, ta ce a'a bari ta kira GP, wato likitan unguwa, ta tsaya tana juya waya a hannu. Ban san lokacin da na daka mata tsawa da Hausa ba: "Motar asibiti za ki kira mana!" Ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta gane, ta buga lambar. Na karɓi wayar na yi wa mai amsawa bayani, kuma abin mamaki, ranar ba wanda ya ce in maimaita.

Da ma'aikatan motar suka iso suka yi mata allurar da ke karya ƙarfin maganin. Ba a yi minti biyar ba Dorothy ta buɗe ido tana zaginsu. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ɗayansu ya tambaya wa ya cire filastocin. Na ɗaga hannu ina jiran faɗa. Ya ce, "Kin kyauta," ya karɓe su ya sa a leda, suka tafi da ita.

Da rana manajarmu ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kowa ya rubuta abin da ya sani ya kawo gobe. Ta ce ba mai laifi ake nema ba, so ake a koyi darasi. A numfashi guda kuma ta ce maganar za ta je council, wato hukumar da ke sa ido a kan gidajen tsofaffi, kuma littafin magani takarda ce ta shari'a. Na fito ban san wanne zan riƙe ba.

Tracy ta same ni a ɗakin wanki, ta rufe ƙofa. Idanunta sun kumbura.

"Ruki, ki rubuta cewa mun duba tare ba mu gani ba. Ai ba a nan ya kamata a ce tana ba. Wadda kamfani ya turo ranar Juma'a ce ta manna ta a ƙugu, ba ta kuma nuna wurin a takarda ba. Ko mun duba ma ƙila ba za mu gani ba."

"Amma ba mu duba ba."

"Na sani." Ta share hanci. "In kika ce kin sa hannu a kan abin da ba ki gani ba, kin kashe ni, kin kashe kanki. Ni ina da uwa a gida da nake jinya. Ke kuma bizarki a hannunsu take. Ki yi tunani."

Ba barazana take mini ba. Tsoro ne kawai ya cika ta, irin wanda ya cika ni.

A bas na kira Hadiza. Ta ce, "Anti, don Allah don't write anything sai kin samu wanda ya san doka. In suka janye sponsorship ɗinki, suka cire sunansu daga bizarki, 'yan makonni kawai za a ba ki ki bar ƙasar." Na kira mijina. Na yi masa bayani sau biyu, ya ce, "Tsaya, Maman Amira. Ke kika ceci matar, ko ba haka ba? To korar ta mece ce?" Na ce na sa hannu a kan ƙarya. Ya ce, "Ai ba ke kika manna ba." Na ce haka ne. Ya ce, "To?" Na ce sai anjima.

Na tarar da Mama Laraba a kicin tana yanka alayyahu. Na zauna na zayyana mata komai. Ba ta daina yankan ba har na gama.

"'Yata, in kuka ce kun duba ba ku gani ba, me za su rubuta?"

"Za su ce filastar ce ta ɓuya."

"Su rufe takarda. To Litinin mai zuwa ku nawa ne za ku kasance a saman benen nan?"

Na san amsar: ba abin da zai canza.

"Ni ban ce miki ba za su kore ki ba," in ji ta. "Na ga an kori mai gaskiya, na ga an bar maƙaryaci, na kuma ga akasin haka. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna ɗakin nan ne, kuma naki ne ko da aiki ko babu. Tashi ki yi sallarki, la'asar tana wucewa."

Bayan na idar na zauna na rubuta. Na rubuta mu uku ne ranar, na rubuta tsohon da nake riƙe da shi, da ƙararrawar da ke kaɗawa, da abin da na tambayi Tracy da abin da ta ce. Na rubuta na karanta layin na gane shi, kuma na sa hannu ban shiga ɗakin ba. Wannan jimlar sau uku ina goge ta ina mayarwa.

Aka ce in zauna a gida har a gama bincike. Sati biyu na yi. Ranar zaman binciken mutum uku ne a bayan tebur, kowa da murmushinsa. Duk amsar da na ba da sai su ce sun gode, sun gode ƙwarai da na faɗi haka. A gida idan babba zai hukunta ka, tun daga ƙofa za ka gani a fuskarsa. Waɗannan kuwa har suka raka ni bakin ƙofa ban san ko yabona aka yi ko yanka ni aka yi ba. Mama Laraba ta tambaye ni yaya aka ƙare, na ce wallahi ban sani ba.

Ranar da na koma aiki manaja ta miƙa mini ambulan biyu. Ta farko takardar gargaɗi ce, za ta zauna a fayil ɗina shekara guda, kuma an cire ni daga masu shaidar magani. Ta biyu kati ne mai hoton furanni daga 'yar Dorothy, ta rubuta da hannunta cewa ba za ta manta da matar da ta ceci mahaifiyarta ba. Daga baya na ji ita ɗin ce kuma ta shigar da ƙorafi a rubuce, da sunana da na Tracy a ciki. Na kai wa Mama Laraba takardun biyu na ajiye a gabanta, na ce, "Mama, wacce ce gaskiya?" Ta sa tabarau ta karanta su, ta ce, "Duka biyun. Ki adana su wuri ɗaya."

Ba a kore ni ba. Tracy kuwa ba ta jira hukunci ba, ta ajiye aikin. Wadda ta manna filastar ranar Juma'a ban ji an same ta ba, an ce ta bar kamfanin da ya turo ta. Aka kawo sabuwar takarda mai zanen jikin mutum, ana nuna inda aka manna. Aka ƙara mana mutum ɗaya da safe, ya yi wata biyu, sannan aka ce za a sake duba tsarin, muka koma yadda muke.

Dorothy ta dawo bayan kwana goma sha biyu, amma ba yadda ta tafi ba. Ta rame, ta daina tashi, magana sai jefi-jefi. Abinci kuwa sai ta kau da kai. A kawo burodi da safe, a ɗauke shi yadda aka kawo. Kullum na shiga ɗakinta sai in ji kamar in roƙe ta gafara, amma ban san ko ta san abin da ya faru ba, kuma an hana mu tayar da maganar.

Wata Asabar ina tafe a babban titin Erdington da ledar cefane, na ji an kira "Ruki!" Tracy ce, a ƙofar wani shagon sayar da burodi, sanye da rigar aikinsu. Na yi ta shirya abin da zan ce mata idan mun haɗu, amma duk ya gudu. Na ce, "Tracy, ki yi haƙuri." Ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ban sani ba ko nufinta ya wuce, ko nufinta kada in fara.

"Dorothy fa?"

"Tana nan."

"Tana cin abinci?"

"Ba sosai ba."

Ta girgiza kai. "Yaya kuke yanka mata burodin?"

Na ce yadda ake yanka wa kowa, gida biyu.

"Ba za ta ci ba. Ki cire gefen duka, ki yanka shi gida huɗu mai kusurwa uku, ki shafa bota har baki. Kuma kada ki tsaya a kanta, ki ajiye ki juya baya kamar kina gyara labule. Ba ta son a ga tana ci." Wani ya kira ta daga cikin shagon. Ta juya, sannan ta waiwayo. "Ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ni kaɗai na sani."

Washegari na shiga kicin da kaina na yanka yadda ta ce. Na ajiye farantin a gaban Dorothy, na juya ina ta gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Can na ji motsin faranti. Ban waiwaya ba sai da motsin ya tsaya. Ta cinye guda uku, na huɗun yana hannunta. Ta dube ni, ta dubi burodin, ta dubi ƙofa.

"Tracy ta dawo ne?"

Na ce, "A'a, Dorothy. Amma ta ce in gaishe ki."